Akwatin Lahodu a Ɗakin Liman

Tun hantsi Bara'atu ke kai da kawo a ofishin ƙungiyar manoman rani da ke Wurno. A fuskar kwamfuta akwatin sadarwar Lahodu ya koma ja. Ta cikinsa ƙauyen ke aiko buƙatar ruwa. In bai yi magana ba kafin azahar, rabonsu na ruwan madatsar Goronyo ya wuce, albasar da aka dasa kuwa ba za ta jira wani zagaye ba.

Ita ta rubuta dokar da ta rufe shi. Tun da 'yan bindiga suka ɗauke wani akwati a yankin Rabah, ta ɗora wa na'urorin duka sharaɗi guda: wanda ya bar wurinsa, a yanke shi.

Ta kira kawunta Maiturare, mai kula da ƙofar ruwan Lahodu.

"Kawu, mi ya samu akwati?"

"Lahiya lau yake, ɗiyata. Mun ji ƙishin-ƙishin mutanen daji, sai munka kai shi ajiya wurin Liman."

"A maishe shi bisa ƙarfen da anka kafa shi yanzu."

"Liman ya tahi kasuwar Gandi da makulli. Ko ɗakin buɗe yake, wa ka taɓa ajiya Liman ba ya nan?"

"Albasarka ce fa, Kawu."

"Na sani. Ke da kinka yi karatu bayan teku, ce mai ya yi magana daga ɗaki."

Danni ɗaya zai ɗage dokar. Amma in ta ɗage, na Rabah ma zai farka a hannun waɗanda suka sace shi, su riƙa ganin inda kowane akwati da mai gadinsa suke. Ta zauna, ta miƙe. Ta ɗora yatsa, ta janye.

Ta tare kabu-kabu.

A Lahodu ta jingina da bangon ɗakin da aka kulle, ta ɗauki lambobin wurin a taswira da wayarta, ta shigar da shi a matsayin mazaunin akwatin na biyu. Layi na zuwa yana ɗaukewa. Ta hau turmi, ta ɗaga hannu sama. Ladan na gyaran murya don kiran azahar, jan ya koma kore a wayarta, buƙata ta tafi.

Maiturare ya saɓa fartanya ya nufi gona. Ta bi shi da sauri, takalmi ɗaya a hannu.

"Kawu, sauran ƙauyukka, wurin wa suke kai ajiya?"

"Kowa da nashi Liman," ya ce, bai waiwayo ba.