Tabon Girar Kofur

Mai hoto yana goge gilashin kyamara, yayar abokinsa Kofur ta shigo shagon. Idanunta sun kumbura, amma muryarta ba ta rawa.

"Jibi abokan aikinsa za su taru don tunawa da shi. Sun ce a kawo hoto babba. Na ji ya ɗauka a nan kafin ya tafi."

Ya ɗauka kuwa. Wata huɗu ke nan da ya shigo da kakinsa ya sha guga, ya cire hula, ya zauna a kan kujerar nan mai gurguwar ƙafa yana tsokana: "Malam, ka ɗauke ni da kyau, ko Allah zai sa wata ta taya." Ya ce zai karɓa in ya dawo. Shekara tara ya yi a soja, aikinsa kwaso waɗanda suka ji rauni a bakin daga. Waɗanda suka tsira sun ce mutum uku ya goyo ya fitar a ranar da abin ya faru. Da ya koma ɗauko na huɗu ne bai fito ba.

Mai hoto ya buɗe kwamfuta ya juyo mata da ita. Ta daɗe tana kallo.

"Wane ne wannan?"

"Haba Yaya, shi ne mana."

"Ina tabon girarsa?"

Mai hoto ya dubi girar, babu tabo. Aikinsa ke nan kullum, hannu ya riga ya saba: a share ƙuraje, a goge tabo, a haska fata, kowa ya fita yana washe baki. Da zuciya ɗaya ya yi wa Kofur haka, har da ƙari saboda abota. Na asalin kuwa tuni ya goge shi, ranar da katin kyamarar ya cika.

"Ni na yi masa tabon nan," in ji ta. "Yana ɗan shekara biyar na ɗora shi a keken Baba na sake shi. Har ya girma yana ce min, 'Yaya, ai ke kika fara ji min ciwo kafin abokan gaba.'" Ta yi 'yar dariya. "Wannan ɗan kwalisar ban san shi ba."

"A wayoyinku babu wani?"

"Ka san shi da hula. Kullum ya ja ta har ido."

Mai hoto ya jawo kwamfutar gabansa. "Zan iya zana shi. Ki nuna min wurin."

Ta jawo kujera kusa da shi. Ya ja siririn layi a girar hagu.

"Ɗan yi sama. A'a, bai kai haka tsawo ba. Tsaya, a dama yake."

Ya mayar da shi dama. Ta ƙura ido. Ta ɗora yatsa a girarta ta hagu, ta sauke, ta ɗora a ta dama.

"Shekara talatin ina kallon fuskar nan. Kai da ka goge shi, ba ka tuna ba?"

Ya rufe ido ya lalubi ƙwaƙwalwarsa. Abin da ya iya tunawa kawai shi ne aikin bai ɗauke shi minti ɗaya ba.

"Yaya, ki yafe min."

Ta share hawaye da bakin mayafinta, ta miƙe.

"Cire layin. Wanke shi a haka. Kada mu yi masa ƙarya sau biyu."