Garin Madara a Cikin Kafso

Tun da aka yi wa tsohon tela aiki a ƙugu, a zaune yake salla. Likita ya rubuta masa wani kafso mai ƙarfi na kashe raɗaɗi, ɗaya da safe ɗaya da yamma, ya kuma ja masa kunne cewa ba maganin wasa ba ne. Jikarsa, 'yar shekara goma sha shida, wadda ta tashi a hannunsa tun rasuwar mahaifinta, ita ya damƙa wa kwalbar. Kullum kafin ta tafi makaranta sai ta kawo masa da kofin ruwa.

"Angona, buɗe baki," in ji ta.

"Ke tafi can! Wa zai auri wadda ko shayi ƙona shi take yi?"

A wata na biyu maganin ya daina aiki. Ya sha, ya jira, ciwon na nan kamar ana soka masa allurar keken ɗinki a ƙashi. Bai yi dogon bincike ba ya yanke hukunci a ransa cewa mai kemis na bakin titi jabu yake sayar masa. Wata rana bayan la'asar, a ƙofar masallaci, jama'a na neman takalmansu, ya ɗaga murya ya ce kowa ya kiyayi shagon nan, domin mai shi ba ya tsoron Allah. Maganar dattijo irinsa tana da nauyi. Kafin mako ya zagayo, benci ya bushe a ƙofar kemis ɗin.

Mai kemis da kansa ya yi sallama gidan, da hantsi, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ba rigima ta kawo ni ba. Don Allah a nuna mini kwalbar."

Aka ɗauko. Ya zaro kafso ɗaya, ya raba shi biyu a kan teburin tsohon keken ɗinki, farin gari ya zubo. Ya dangwala ya ɗanɗana, sannan ya miƙa wa tsohon.

"Baba, taɓa ka ji. Madara ce. Dubi bakin kafson yadda ya lanƙwashe, buɗe shi aka yi aka juye, aka mayar. Wa yake ba ka magani?"

Tsohon ya dangwala ya kai baki. Zaƙin madarar na kan harshensa, ya kasa haɗiye shi.

Mai kemis ya sassauta murya. Ya tambaya ko akwai wanda ya fara yawan barci da rana a gidan, ko mai yawan susar jiki, ko wanda maganarsa ta fara nauyi. Kowace tambaya sai ta sauka a ƙirjin tsohon. Ya tuna yadda yake yabon yarinyar a gaban baƙi, wai ta yi hankali, ta rage surutu. Ya tuna ranar da ya same ta kife a kan darduma har rana ta yi ja, ya koma da sanɗa yana yi wa Allah godiya da ya ba shi jika mai doguwar sujada. Ashe ba ta ma san inda take ba.

"Kada a yanke mata lokaci guda," in ji mai kemis yana miƙewa. "Jiki ya saba, zai iya kayar da ita. A kai ta wajen likita." Bai ce uffan a kan shagonsa ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Da ta dawo daga makaranta, ta ga kafson a buɗe a kan tebur, sai jakarta ta sulale ƙasa. Bai tambaye ta ba, ita ta fara. Wata ƙawarta ce ta ce yana kwantar da fargabar jarrabawa. Da farko ɗaya ta ɗauka. Daga baya in ba ta sha ba sai jikinta ya kama rawa, hanci na zuba, ƙasusuwa na ciwo.

"Ina jin nishinka, Kaka. Wallahi ina ji. Sai in ce daga yau na bari, gari na wayewa in ga hannuna a cikin kwalbar."

Ya so ya yi faɗa, amma ya rasa ta inda zai fara. Shi aka gargaɗa, shi kuma ya miƙa wa yarinya abin da aka ce ya tsare.

Saura haƙƙin bawan Allah da ya ɓata wa suna. Ya san istigfari a ɗaki ba ya wanke ƙazafin da aka yi a bainar jama'a. Ya kuma san in ya faɗi gaskiya duka, ya tona asirin yarinyar da ke da sauran rayuwa a gaba. Da aka sallame la'asar, ya dogara sandarsa ya miƙe da ƙyar.

"Jama'a, na yi wa mai kemis ƙazafi. Maganinsa mai kyau ne. Na faɗi abin da ban tabbatar ba, ina neman gafararsa da taku."

Wani mahauci daga sahun baya ya ce, "To Malam, me ya sami maganin?"

"Sakacina ne ya same shi. Iyakar abin da ya halatta ku sani ke nan."

Ya fita kansa a sunkuye, yana jin idanu a bayansa har ya sha kwana.

Washegari suka zauna a layin asibiti, ita ta ja mayafi har goshi. Da layi ya zo kansu, ma'aikaciyar jinya ta dubi sandarsa, ta ɗauki biro.

"Baba, ƙugun ne ya tashi?"

Ya juya ya dubi jikarsa. Yarinyar ta matso gaban teburin.

"Ba shi ba ne, Anti. Ni ce."