Igiyar Inna

Dillalai ne suka raɗa masa suna Baba Ba-Ƙusa, kuma bai ci sunan a banza ba. Duk mai neman haya a gidansa, sai dattijon ya taka da ƙafarsa har inda mutum yake zaune, ya duba bango. In ya ga ramin ƙusa, magana ta ƙare, ko da kuwa agogo ka rataya.

Shi ya sa tun da dillali ya ce wa Auta mutumin yana tafe da yamma, ta shiga duba bangon ɗakinsu. An sayar da gidan da suke ciki, an ba su wa'adin tashi. Ta zaga gari har takalminta ya tsinke, amma ɗakin ƙasa, inda ba sai ta goya mahaifiyarta a matakala ba, nasa kaɗai ta samu.

Idon Inna ya daɗe da tafiya. Mijin Auta, direban babbar mota da ba ya cika zama ba, shi ya kafa mata igiya a jikin bango, daga gadonta zuwa banɗaki, daga can zuwa kujerar bakin taga. Da ita Inna take yawonta ba ta kiran kowa, har takan yi wa surukinta tsiya cewa motarta ta fi tasa, tunda ba ta shan mai.

Auta ta ɗauko guduma ta zare ƙusoshin da ke riƙe da igiyar ɗaya bayan ɗaya. Ta kankaro farin sabulu ta cike ramukan, ta shafe da babban yatsa.

"Me kike ɓamɓarewa ne, Auta?"

"Gyara nake, Inna. Baƙo za mu yi. Ki zauna a kujera kawai, yana fita zan mayar."

Inna ta ɗora hannuwanta a cinya.

Baba Ba-Ƙusa ya zo da sandarsa da tabarau a ƙarshen hanci. Ya gaishe da Inna cikin ladabi, ya ƙi zama, ya shiga bin bango kamar mai neman allurar da ta faɗi. Auta tana biye da shi da kofin ruwa, ruwan yana ta zuba mata a yatsu.

"Ku nawa ne?"

"Mu uku ne, Baba. Ni da maigidana da Inna."

"Yara fa?"

"Allah bai kawo ba tukuna."

"Rigima da maƙwabta?"

"Ko cacar baki ba mu taɓa yi ba."

Tambayoyin ba su dame ta ba. Abin da ya tsinka mata zuciya shi ne Inna. Ta ga tsohuwar tana mutsu-mutsu a kujera, tana matse gwiwoyi, ta san ma'anarsa sarai: banɗaki take so. Hannun Inna ya ɗaga a hankali ya nufi inda igiyar take, ya shafi bango, bai sami kome ba. In Inna ta buɗe baki ta tambaya, shi ke nan sun rasa gidan.

Hannun ya ɗan tsaya a sama. Sannan Inna ta mayar da shi ta sosa kunne, ta ce, "Malam, ka sha ruwan mana. Ɗiyata ta gaji da riƙo."

Dattijon ya yi dariya ya karɓa. Bai yi gaggawar tafiya ba. Sai da ya ba su labarin wani ɗan haya da ya huda masa bango don rataya keke, ya kwashe masa albarka tas, Inna tana taya shi jajantawa, zufa na tsattsafo mata a goshi. Auta ji take kamar ta tura shi waje.

A bakin ƙofa ya juyo ya sake kallon ɗakin.

"Bangonku tsaf. Irinku nake nema. Ki zo gobe ki karɓi makulli. Sharaɗina dai kin san shi."

"Na sani, Baba. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Tana rufe ƙofa ta ruga ta kama Inna, suka nufi banɗaki da sauri. Da ƙyar suka kai. Da suka fito Auta ta zube a bakin gado tana dariya, hawaye na zuba.

"Mun samu, Inna. Wallahi mun samu."

Inna ba ta zauna ba. Tana tsaye jikin bango tana lalube, har yatsanta ya faɗa cikin ɗaya daga ramukan. Ta kai shi hanci ta shinshina sabulun.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "To a can ɗin, wa zan riƙa kamawa?"

Auta ta dubi igiyar da ta naɗe ta cusa a ƙarƙashin gado, bakinta ɗaya ya leƙo waje. Duk zirga-zirgar da ta yi, wannan tambayar ce kaɗai ba ta yi wa kanta ba, kuma kunya ta rufe ta.

"Ni, Inna," ta ce a hankali.

"Har lokacin da kike wurin aiki?"

Auta ta tashi ta ɗauko gudumar, ta janyo igiyar daga ƙarƙashin gado.