Nonon da Nasiha Ta Ƙi Zubarwa

Nasiha ta iso Tambuwal da hantsi, ƙafafunta sun yi futu-futu da jar ƙasa, ƙwaryar nono a cinyarta. Tun daga Kebbe take rungume da ita a bayan babur ɗin kawunta, duk ramin da suka faɗa sai ta ɗaga ta sama. Innarta ce ta tatsi shanun da kanta, ta kwantar da nonon, ta rufe da sabon faifai, don an aiko cewa haka tsarin ƙungiyar yake: duk sabuwar ɗaliba 'yar gidan masu shanu ta zo da ƙwaryar shiga.

Ƙungiyar ta ɗalibai mata ce a kwalejin kiwon lafiyar da Nasiha ta samu gurbi, kuma a hannunta gidan kwanan mata yake, shi kaɗai kusa da makarantar. Wadda ba mamba ba ba ta da gado. Baban Nasiha kuwa ya faɗa a gaban kowa: in ba ta samu wurin kwana cikin mata 'yan uwanta ba, ta juyo gida, karatun ya ƙare.

A tsakar gidan ta tarar da tsofaffin ɗalibai zaune a inuwar dogon yaro, sababbi kuma tsaye a rana. Shugabar, Fiddausi, 'yar ajin ƙarshe, tana kan kujerar roba tana fifita da littafi.

"Kai! Warin shanu nika ji," in ji Fiddausi. "Wa ya buɗe garke?"

Aka kwashe da dariya. Nasiha ta gaishe su yadda aka koya mata, ta shiga layi. Ta zaci sha za a yi.

Aka fara kiran wata siririyar yarinya 'yar Sanyinna, Madina. Fiddausi ta nuna mata magudanar ruwan wanka da ke gefen katanga.

"Ki zuba shi can. Ki ce, na bar daji, na shigo gari."

Madina ta dubi ƙwaryarta, ta dubi magudanar. Sannan ta durƙusa ta tuntsurar. Farin nono ya bi ta cikin baƙin ruwan sabulu, ƙudaje suka tashi. Ta faɗi maganar da muryar da da ƙyar ake ji, aka tafa mata.

Nasiha ta ƙara rungume ƙwaryarta. A gidansu ko ɗigo ne ya faɗi ƙasa, Inna sai ta dangwala da yatsa ta shafa a goshi, ta rufe wurin da ƙasa, kuma ranar wanda ya zubar ba zai ga sakin fuska ba. Nono ba ruwa ba ne. Shi ya saya mata takalmin makaranta, shi ya kai ta har ta ci jarrabawar da ta kawo ta nan.

"Ke, 'yar Kebbe. Matso."

Ta matsa.

"Zuba."

"Yaya, in sha za ku yi, ga shi, har ludayi na zaka da shi. Amma ba ni zubar da nonon Innata cikin kwata."

Fiddausi ta daina fifita.

"Mi kika ce?"

"Kin jiya."

Fiddausi ta ajiye littafin. "To, gimbiyar garke. Nan ba a jayayya. Ko ki zuba, ko ki ɗauki jakarki ki koma ma shanunku."

"Ko kuwa ta riƙe shi har azahar, tunda ɗanta ne!" wata daga cikin manyan ta jefo daga baya, tana dariya.

Maganar ta yi wa Fiddausi daɗi. "Ya yi. Ɗaga ƙwaryar sama. Ba bisa kai ba, mun san ku da ɗaukar ƙwarya. Hannu biyu, sama, kada ta taɓa kallabinki. In anka kira azahar ɗigo bai faɗi ba, gado naki ne. In ya faɗi, kin zubar ke nan, kuma kin rasa."

"Kowa ya ji ta?" Nasiha ta tambayi tsakar gidan, ba Fiddausi ba. Sannan ta ɗaga.

Da farko ƙwaryar ba ta da nauyi. Can sai kafaɗunta suka fara zafi, zafin ya gangara gadon baya. Rana ta hau tsakiya, inuwar katanga ta janye ta bar ta ita kaɗai. Gumi ya shiga idonta, babu hannun sharewa. Manyan suka ci ƙosai, suka yi ta kallon waya, wata ta zo ta tsaya a gabanta tana kukan saniya. Nasiha ta kafe idonta a kan wani tsagin bulo. Ba addu'a take ba. Zagi take a zuci, ɗaya bayan ɗaya, har wanda ba ta taɓa sanin ta iya ba. Waɗannan ne za su riƙe hannun mata masu naƙuda? Waɗannan, da fura ke wuce musu maƙogwaro kullum, ba su taɓa tambayar daga ina nonon ya fito ba?

Hannuwanta suka mutu, sannan suka fara rawa. Ta ji nonon yana kaɗawa a ƙarƙashin faifai. Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini.

"Ki sauke, 'yar uwa," Madina ta raɗa daga gefe. "Wallahi za ki faɗi."

"Rufe min baki."

Dariyar ta ƙare tun tuni. Wadda ta kawo shawarar ta tashi ta shige ɗaki. Fiddausi ta yi ta duba agogon wayarta, fuska a murtuke.

Da ladan ya ɗaga murya daga masallacin unguwa, Nasiha ba ta sauke ba sai da ya kai ƙarshe. Hannuwan suka ƙi lanƙwasuwa. Da gwiwa ta durƙusa a hankali har gindin ƙwaryar ya taɓa ƙasa. Gefenta a bushe yake.

Fiddausi ta wurgo mabuɗi, ya faɗi a gabanta. "Ɗakin ƙarshe, gadon bakin ƙofa. Ba ki iya na gode ba?"

"Ban roƙa ba, Yaya."

Yatsunta suka kasa ɗaukar mabuɗin. Ta gwada, ya zame, ta sake gwadawa. Madina ta sunkuya za ta taimaka, Nasiha ta tare ta da kafaɗa. Ta haɗa tafukanta biyu ta tattaro shi da ƙasa da komai, ta miƙe, ta nufi ɗakin ƙarshe tana tafe kamar mai ɗauke da garwashi.