Zaman Makoki a Filin Malam Rauf

Tukunya biyu, buta biyu, darduma biyu. Ƙaramin buhun shinkafa, galan ɗin manja, daddawa a roba an naɗe ta da leda sau uku don kada ta kama labule. Akwatin magungunan Alhaji Surajo. Zannuwa shida daga cikin arba'in na matarsa Hajiya Dalila. Sauran suna ɗakin ajiya. Da waɗannan suka bar Greensboro wata goma sha huɗu da suka wuce, a motar gida mai gado da kicin da banɗaki, wadda Alhaji ya saya a makon da ya ajiye aikin sito a Wendover. Cewa ya yi shekara ashirin da shida yana loda kayan da ke zuwa ko'ina a Amurka, shi kuwa bai je ko'ina ba.

To, sun je. Dalila ta koyi wanka da ruwan da bai kai rabin bokiti ba. Ta koyi ɗaure ƙofar firji kafin a tashi, da neman alƙibla a waya kowace asuba, tunda ɗakin kwananta kullum sai ya juya. Ko faɗa a zaune ta koyi yinsa, don babu inda mutum zai yi fushi ya nufa.

Suna Tennessee aka kira daga Gusau cewa yayanta Muhammad Awwal ya rasu, har an kai shi. Ba ta yi wani kuka ba. Ta ce, "Alhaji, juya. Mutane za su zo gaisuwa, kuma ba a nan za su neme ni ba."

Suka koma Greensboro. Ranar farko suka yi fakin bayan wani babban kanti a unguwar Wendover. Mata uku suka zo. Ta huɗu tana hanya mai gadi ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce nan ba wurin zama ba ne. Sai Malam Rauf, mutumin Kumasi mai lambu a McLeansville, ya ce su je su tsaya a filinsa. Fili ne kawai, babu gini, babu famfo, babu magudana, amma babu mai kora.

Rana ta biyu jama'a suka zo sosai. Maza a tabarma gindin bishiya, mata a ciki, su shida a kujerar mutum uku. Kowa ya kama ruwa, kowa ya yi alwala, yadda ake yi a gidan kowa. Ba su san duk abin da ya sauka a banɗakin nan a tanki yake taruwa ƙarƙashin ƙafafunsu ba, Dalila kuwa ba za ta tsaya bakin ƙofa ta ce wa mai gaisuwa ta rage ruwa ba.

Safiyar uku, ranar addu'a, wari ne ya tashe su.

"Ya cika," in ji Alhaji, yana duban jar fitilar da ke bango. "Sai an zubar."

"Yau?"

"Tanki bai san da yau ba, Hajiya. Tashar manyan motoci tana nan kusa, minti talatin ne."

"Ƙarfe goma za su fara zuwa."

"Kafin goma na dawo."

Ta sauko da darduma da carbi da kujerar roba guda. Ta tsaya tana kallon gidanta yana rangaji yana fita daga fili, da fulas ɗin shayin baƙi a cikinsa.

Goma ta wuce. Sha ɗaya saura ya kira ya ce akwai layi. Ya sake kira ya ce tiyon zubarwar ya tsage, sai ya nemo wani.

Kouloussoum, ƙawarta 'yar Maraɗi, ita ta fara isowa, da kular dambu a hannu. Ta dubi sawun taya a kan ciyawa, ta dubi Dalila.

"Yaya Dalila, ina gidan?"

"Ya tafi banɗaki."

Dariya ta ƙwace wa Kouloussoum, sai ta tuna abin da ya kawo ta, ta toshe baki da gefen mayafi.

A tsaye aka yi addu'ar, mutum wajen talatin a tsakiyar fili, Malam Rauf yana ja. Ana shafawa wata mota ta tsaya. Mama Bebi ce, 'yarta ta tuƙo ta tun daga Raleigh. Mama ta haura tamanin, kuma duk Amurka, ban da Dalila, ita kaɗai ta san Awwal, a layi ɗaya suka tashi. Dalila ta ruga da kujerar roba, ƙafafun kujerar suka nutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mama ta leƙo ta taga, ta kama hannunta.

"Ya haƙuri, 'yar nan? Na zo miki da labaransa fal. Amma fara kai ni in kama ruwa, tun hanya nake matse."

Dalila ta dubi filin, ta dubi mazan da ke tsaye.

"Mama, babu."

Tsohuwar ta matsa hannunta. "To, Allah ya jiƙan Awwal." 'Yar ta ja mota suka tafi neman banɗaki a gidan mai. Ba su dawo ba.

Bayan azahar Alhaji ya iso, rigarsa jiƙe, hannunsa yana warin sabulu. Saura Kouloussoum kaɗai, zaune a motarta.

"Sun tafi?"

"Sun tafi."

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Wallahi gudu na yi." Ya zauna a matakala yana haki. "Na samo mana wuri a hanyar Savannah, da ruwa da magudana, ba sai mun motsa ba. Asabar mu tashi, kafin sanyi."

Dalila ta raɓa shi ta shiga, ta ɗan jima, ta fito da jaka ɗaya. Ya miƙe ya ba ta hanya. Ƙofar motar gidan ba ta kamawa sai an ɗaga ta an buga. Ta ɗaga, ta buga, ta kama.

"Ina gidan Kouloussoum har arba'in," in ji ta. "Bayan nan ɗaki zan kama, wanda in aka zo nemana za a same shi. Ni na sauka, Alhaji."