Uwar Agogo

A zauren baje kolin akwai allo shida jere a bango ɗaya, kowanne da kwamfutarsa a baya, kuma fim guda suke nunawa: tsuntsu ya tashi daga allon farko, ya ratsa sauran har ya sauka a na shida. Don kada tafiyarsa ta yanke, dole kwamfutocin su yarda da lokaci ɗaya. Injiniya ce ta haɗa su da wata ƙaramar kwamfuta a ɗakin baya, wadda ta raɗa wa suna uwar agogo. Bayan kowane minti sai su tambaye ta ƙarfe nawa, su daidaita nasu. In aka raba su da ita, kowacce sai ta kama gabanta, wannan ta yi gaggawa, waccan ta yi nawa.

Injiniya ta sha bayyana wa Dogo haka. Abokin aikinta ne, ya girme ta, Yaya take ce masa. Da ta dawo hutun haihuwa, shi ya tsaya mata har Manaja ya yarda ta riƙa tashi ƙarfe biyu don ta shayar da 'yarta, da sharaɗin aiki ba zai sami tangarɗa ba. Ran Litinin ma da za ta kai yarinyar rigakafi, shi ya kora ta da dariya, yana cewa ta tafi, 'ya'yanta shida na bango suna hannun kawunsu.

Ran Alhamis aka buɗe zauren. Tsuntsu ya tashi lafiya, amma bai gama fita daga allo na uku ba sai ga shi ya bayyana a na huɗu. Tsuntsu biyu. Wani baƙo ya ce ashe a hanya ya haihu, aka kwashe da dariya. Manaja bai yi ba.

Injiniya na isowa ƙofar ofishin Manaja ta jiyo muryar Dogo a ciki, a tausashe, irin ta mai neman wa wani afuwa. Yana cewa a yi mata haƙuri, mai goyo ce, jikinta ne kawai a nan, hankalinta yana gida. Da ta shiga, Manaja bai ko ce ta zauna ba. Daga gobe, in ji shi, sai ƙarfe shida, kamar kowa.

Ƙarfe shida. Yarinyar da har yanzu take ture bulumbotin madara da harshe, ta yi ta kuka a bayan ƙanwar Injiniya mai renonta har muryarta ta dushe.

Injiniya ta wuce ɗakin baya ta durƙusa bayan tebur. Shuɗiyar wayar da ke haɗa uwar agogo da sauran kwamfutocin, wadda ta naɗa wa farin tef ta rubuta "kada a cire", tana soke a ramin da ba nata ba. Ta buɗe rajistar da kwamfutocin ke ajiyewa. Dukkansu shida sun rubuta abu ɗaya: sun daina jin uwarsu ran Litinin, sha ɗaya da minti goma sha huɗu. A daidai lokacin tana kan bencin asibiti, ta danne cinyar 'yarta ana soka mata allura.

Tana buga rajistar a takarda Dogo ya shigo. Ya dubi wayar, ya dubi takardar, ya sosa ƙeya. Wai aron wayar ya yi na minti goma, ya sauke wasan ƙwallo a tasa kwamfutar, kuma ai ya mayar.

"Ƙanwata, ke uzuri za a yi miki," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ni in aka sani, kora ce."

"Uzurin da aka yi mini shi ne ƙarfe shida."

Ta mayar da wayar raminta. Ta tsaya bakin ƙofa har kwamfutocin suka ji uwarsu, tsuntsu ya ratsa bango shi kaɗai ya sauka. Gaban rigarta ya fara jiƙewa, ta ja mayafi ta rufe. Biyu saura kwata.

Ta zaro katin rigakafi daga jaka, mai ɗauke da kwanan wata da hatimin asibiti, ta ɗora a kan takardar. Dogo yana tsaye a hanya.

"Malam, matsa mini," ta ce. "Zan ga Manaja kafin in tashi."