Ƙwayoyin da Duna Bai Haɗiye Ba

Ni Gimba, shekarata ashirin da shida ina sayar da awaki a Enugu, kuma da ka tambaye ni a wancan lokacin, da na ce maka babu ciwon dabbar da ban sani ba. Akuya ta yi tari daga can ƙarshen garke, ina zaune zan faɗa maka abin da ke damunta. A majalisarmu ta bakin Kasuwar Artisan har "Likita" suke ce mini, ni kuma ina amsawa ba kunya ba tsoron Allah.

Kare kuwa dole ce ta haɗa mu. Sau biyu ɓarayi suna shiga garken da ke bayan gidana a unguwar Uwani, sai wani maƙwabci ya ba ni ɗan kwikwiyo baƙi ƙirin, na sa masa suna Duna. Tun ranar farko na kafa masa doka: gadi nasa, abinci nawa, amma kada jikinsa ya taɓa jikina. Ni mai sallah ne, kullum cikin fararen kaya, ba zan tsaya fama da yawun kare ba. Duna ya riƙe dokar nan fiye da yadda 'ya'yan cikina suke riƙe tawa. In na shigo sai ya tsaya taku biyar daga inda nake, yana ta kaɗa wutsiya.

Wata rana Dokta Nkiru, likitar dabbobin da ke duba mini awaki, ta gan shi kwance a bakin kwata sauro na shawagi a kansa. Ta ɗebi jininsa ta gwada, ta ce lafiyarsa lau, amma akwai wata tsutsa da sauro ke sa wa kare, ta je ta girma a cikin zuciya. Rigakafinta ƙwaya ɗaya ce duk wata. Na yi dariya na ce tsutsa ai a hanji take zama, wa ya taɓa jin ta a zuciya? Ta dai miƙo mini ƙwayoyin.

"Alhaji, open im mouth, put am inside," in ji ta. "Make you see say e swallow."

Wato in buɗe bakinsa in sa ƙwayar a ciki, in tabbatar ya haɗiye. Na ce to. A raina kuwa na ce baiwar Allahn nan ba ta san da wa take magana ba. Ni zan zura yatsa a bakin kare? Sai na fito da tawa dabarar. Duk ɗaya ga wata in karɓi guntun tumbi wurin mahauta, in naɗe ƙwayar a ciki, in tsaya daga nesa in jefa masa. Ya cafe a sama, ya ruga bayan tulin katako, ni kuma in karkaɗe hannu in tafi kasuwa. Dabarar ta burge ni har na koya wa mutum uku a majalisa. Allah Ya taimaka babu mai kare a cikinsu.

A damina ta biyu Duna ya fara tari. Na ce ƙashi ne ya maƙale masa. Ya rame, cikinsa ya kumbura, na ce tsutsar ciki ce, na jefa masa maganin awaki.

Matata Haulatu ta ce, "Malam, karen nan ko haushi ya daina. Ka kira likitar mana."

Na ce mata likita nawa ake so a gida ɗaya? Sai da na shiga garke wata safiya, ya yunƙura zai tashi ya tarye ni, ƙafafunsa suka ƙi, sannan na aika a kira likitar. A nan na gane ina son karen nan, abin da ban taɓa yarda na faɗa ko wa kaina ba.

Dokta ta zo ta sake gwada jini, ta ɗago ta dube ni.

"You dey give am the medicine?"

Na ce ban taɓa tsallake wata ɗaya ban ba shi maganin ba, har da ɗaga murya. Ba ta yi musu da ni ba. Ta tambayi inda yake cin abincinsa, ta zagaya bayan katakon, ta ture wani falanki da ƙafa. Ga ƙwayoyin nan a ƙasa, wasu ruwa ya narkar da su, wasu suna nan da siffarsu. Ashe Duna yakan cinye tumbin ya tofar da ƙwayar. Shekara ɗaya da rabi ina yi wa ƙasa rigakafi. Haulatu tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona, da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Dokta ta ce tsutsar ta riga ta cika zuciyar. Za ta yi masa allura ta ba da magani, amma jikinsa ya yi rauni, ba ta yi mini alkawarin komai ba, kuma sai an riƙe shi sosai kafin ta yi allurar. Ta dubi farar shaddata, ta leƙa titi ko za ta ga wanda zai taimaka. Na durƙusa cikin taɓo na rungume shi. Ƙirjinsa na bugawa a tafin hannuna da sauri da sauri. Ya juyo da ƙyar ya lashi hannuna, wutsiyarsa tana ɗan bugun ƙasa. Shekara uku muna gida ɗaya, ranar na fara sanin laushin gashinsa.

Kwana tara ya yi. Kullum da safe ni nake buɗe bakinsa in sa magani, in shafa maƙogwaronsa har ya haɗiye, abin bai kai tsawon gaisuwar safe ba. Rana ta goma na same shi a bakin garke ya yi sanyi. Ni na ɗauke shi, ni na haƙa ramin, ni na rufe.

Ina gamawa aka kira azahar. Na cika buta, na ɗauko sabulu, na wanke hannuwana har gwiwa, na sauya riga, na yi alwala. Da na girgiza butar, da sauran ruwa a ciki. Wankin da na shekara uku ina gudu, ko buta ɗaya bai cinye ba.